Ginin ƙasa a bayan garin Kalgo: a yi ko a haƙura?

Baban Walid (Kalgo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gini. Ina da fili a bayan gari, tudu ne, jar ƙasa. Ɗan abin da na tara daga albashin koyarwa ba zai kai ni linta ba idan da bulon siminti zan yi, don tun da buhu ya haura naira dubu goma a farkon 2024 lissafina ya rikice. Shi ne tunanin ginin ƙasa ya zo mini: ciki biyu da falo, a rufa da kwano. Yayana ya ce kada in soma. Mai ɗakina kuma ta ce ba za ta bar gidan haya na siminti ta tare a gidan ƙasa ba. Ni kuwa ba kuɗin kaɗai nake dubawa ba. Ɗakin da muke ciki yanzu, daga Maris zuwa Mayu ba ya shiguwa da rana, yara duk ƙurajen zafi, ga wuta ba ta zama balle fanka ta juya. Akwai sauran maginan da suka iya aikin ƙasa na gaske a yankin nan? Kuma ginin zai jure irin daminar da ake yi yanzu?

Maman Sadiya (Argungu):
Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah ka saurari uwargida. Ni ba labari aka ba ni ba. A ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya cinye shinkafar fadama, ɗakin mahaifiyata a ƙauye cikin dare ya zauna. Gindin ne ya jiƙe ya narke, sai rufin ya sauko a kan gado. Allah ya sa an riga an fito da ita. Buhunan gero, kwalla, katifa, duk cikin laka muka tono su. Mutanen Gummi ma sun ga irin wannan a 2024. Gara ka yi ɗaki ɗaya na bulo ka shiga, in Allah ya hore ka ƙara.

Injiniya (Birnin Kebbi):
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Maganarki gaskiya ce, ba kuma zan rage mata komai ba. Ƙasar da ba a gasa ba, in ruwa ya kwanta a gindinta kwana ɗaya ko biyu, laka za ta koma, ko wane gwani ne ya gina ta. Duk wanda filinsa ke fadama ko kan hanyar ruwa, kada ma ya fara.

Amma Malam ya ce tudu ne, kuma a tudu maganar daban take. Ku lura da tsofaffin katangu, daga ina suke fara lalacewa? Daga ƙasa, kamar taku ɗaya daga doron ƙasa, nan za ka ga ya zaizaye ya yi rami. Danshi ne ke hawowa da gishirin ƙasa, ga kuma ruwan da ke zubowa daga bakin kwano ya fantsamo ya daki wurin. Maganinsa a haƙa harsashi a yi shi da dutse, ko da bulo inci tara da aka cika da kankare, a ɗaga shi ya kai gwiwa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai, sannan ƙasa ta hau. A sama kuma kwano ya zarce bango da kamar santimita 60 ta kowane gefe, musamman gabas, inda hadari ke tasowa. A yi wa ruwan tsakar gida hanya ya fita. In aka yi haka, siminti ya tafi inda ake bukatarsa kawai.

Ɗan Magini (Gwandu):
Na karanta wa Baba abin da ake tattaunawa. Shi magini ne, ubansa ma magini ne, yanzu ido ya yi rauni ba ya hawa gini. Ya ce in rubuta muku yadda ya faɗa:

"Ka hwaɗa musu, abin da sunka gani shina hwaɗuwa ginin gaggawa na. Can dauri, in za mu yi soro, da kaka ta wuce muka fara haƙa. Ba mu taɓa ƙasar bisa, wagga ta noma ta, sai mun kai ga ja mai tsakuwa. A jiƙa ta, a tattake, a zuba ciyawar ramno, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a koma a sake tattakewa, har sai in ka ɗauka ta riƙe hannu ba ta ɓarɓashi. Sannan a mulmula tubali, mai gindi da tsinin kai, a shanya shi sati biyu ko fi. Gindin bango kamu ɗaya da rabi, wani har biyu, shina tahiya bisa shina sirancewa. Ba mu ɗora abin da rana ba ta iya busarwa. In munka yi layi kaɗan mu bar shi shi sha iska, mu koma wani gehe. Yanzu mi aka yi? A kwashi ƙasar bakin bola, a zuba ga akwati, a hiddo bulo mai kaurin tahin hannu, a jera shi bisa ƙasa babu harsashi, sati guda an ɗora kwano. Damana ta biyu in ya zube a ce ƙasa ta yi laihi."

Ni ma zan ƙara nawa. Ɗakin da aka haife ni a ciki Kaka ne ya gina shi, da bakan gizo guda biyu, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu riƙe rufi, da suka haɗu a tsakiya, har yau Baba a ciki yake kwana. Da azahar a watan Afrilu in ka shiga, jikinka zai gaya maka bambanci kafin ka zauna.

Alhaji Mai Bulo (Jega):
Za a ce ina kare kasuwata ne, to ba laifi, amma a duba maganar. A gaida Baba, duk abin da ya faɗa na yarda. Sai dai wa zai yi wannan aikin yau? Wane lebura ne zai yini yana tattaka ƙasa da ƙafa, ya dawo jibi ya sake, a kuɗin da malamin makaranta zai iya biya? Ginin ƙasa ya yi arha ne lokacin da ake gayya, dangi da maƙwabta su taru, uwargida ta dama fura. Yanzu komai kuɗi ne, har ruwan kwaɓi sai ka saya wurin 'yan garuwa. Sannan duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi an yi yaɓe. Shekarar da aljihu ya yi sanyi aka tsallake, shi ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga gara, ga ɓeraye, ga ɓarawon da zai zuba ruwa ya huda katanga ba ka ji motsi ba. Kuma ran da Malam ya so sayarwa ko ba da haya, dillali fili kawai zai yi wa kuɗi, ginin a banza.

In dai ya nace, ya gina da ƙasar ya bi ta da filastar siminti ciki da waje, kowa ya huta.

Injiniya (Birnin Kebbi):
Alhaji, wannan shawarar ta ƙarshe ita ce ta fi kashe gidaje. Siminti da ɗanyar ƙasa ba sa kama juna, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Bayan 'yan shekaru filastar za ta saki daga ciki. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa za ka ji tana amsawa fanko. Ruwa ya samu tsaga ya shiga baya, ba shi da hanyar fita don siminti ya toshe, ƙasar ta yi ta ruɓewa a ɓoye, waje kuwa fes da fenti. Mai gida ba zai sani ba sai ran da falle guda ya ɓallo. Yaɓen ƙasa aƙalla yana nuna maka ciwonsa da wuri.

Sauran maganganunka na kuɗin aiki da na haya, ban musa ba. Sai dai ka san bulon ma suna suka tara. Akwai masu miƙe buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, ka ɗaga shi ya marmashe a hannu. Irin wannan bai fi tubali mai kyau ba.

Alhaji Mai Bulo (Jega):
Wannan kam akwai su. Ba a wurina ba dai.

Ɗan Magini (Gwandu):
Kan batun yaɓen shekara-shekara, Baba ya ce a da ba kowace shekara ake yi ba, don akwai abin da ake shafawa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa, bango ya yi ja-ja-ja ruwa na zamewa. Laso kuma, wanda ya fi ƙarko, da katsin marina ake yi, a haɗa da gashin jima da dafara. Shi ake yi wa rufin soro da bakin indararo. To ku duba: marina nawa suka rage da ke aiki da baba? Majema nawa? Ɗorawa kuma masu gawayi sun tasa ta gaba. Sana'ar magini a jingine take da ta marini da ta majemi, da suka ja baya ita ma ta raunana. Azara ma haka. Namijin giginya da ya tsufa ake tsagawa, shi ne gara ba ta ci, kuma giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta kai. A da ta wajen Kamba da Gaya ta Nijar ake samun mai kyau, yanzu tsadarta ta sa ko mai hali tunani yake.

Ummu Aiman (mai zanen gine-gine):
Ina gaida iyaye da yayye. Abin da ke ci mini rai shi ne, mu da muka karanci zanen gini mun fi sanin gine-ginen Turai da na maƙwabtanmu. Ga Yama nan a jihar Tawa ta Nijar, Hausawa ne 'yan uwanmu. Wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin Juma'arsu da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa baka da tulluwa da hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Mutumin nan irin su Baba ne, ba jami'a ya je ba. A Dandaji kuma, duk a jihar Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa na matsi, wanda ake dannewa da inji, aka gama a 2018, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe. Francis Kere na Burkina Faso, da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya fara a 2001, bulon ƙasa da ɗan siminti, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni.

Mu nan gida fa? Ganuwar Surame ta zamanin Kanta Sarkin Kabi, tun ƙarni na 16, dutse da ƙasa ce, har yau ana ganin ragowarta. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu fadar sarki ne har zuwa 1942, kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, masana daga ƙasashen waje suke zuwa su auna bakansa. Sarakuna ne suka zauna a ginin ƙasa, yau kuma an mai da shi alamar talauci.

Alhaji Mai Bulo (Jega):
'Yata, duk abin da kika lissafa masallatai ne da fada da makaranta. Waɗannan suna da jama'a a bayansu ko masu ba da tallafi. Masallacin Jenne na Mali da ake yawan nunawa, ai gari guda ke fitowa duk shekara su yi masa yaɓe. Malam shi kaɗai ne da albashinsa. Ki kawo mini gidan talaka.

Ummu Aiman (mai zanen gine-gine):
Gaskiyarka Baba Alhaji, ga na talaka. A Burkina Faso, garin Boromo, tun shekarar 2000 wata ƙungiya ke koya wa manoma wani salon rufi da aka ɗauko daga Nubiya, can kudancin Masar. Ba azara, ba katako, ba kwano. Ƙananan tubala ake jerawa a karkace, kowane layi ya jingina da na bayansa, har baka ta rufe. A shimfiɗa leda a sama a bi da yaɓe. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai, amma tsawo yadda ka so. Gidajen manoma ne ake yi da shi a Burkina da Mali da Senegal da arewacin Ghana. Ban ce Malam ya yi shi ba, don sai da maginin da ya koya a hannu, kuskure kaɗan a rufi irin wannan rai ne. Na kawo shi ne don a san ƙarancin azara bai rufe ƙofa ba.

Abin da ya fi dacewa da shi a ganina bulon matsi ne. Injiniya ya fi ni sanin lissafinsa.

Injiniya (Birnin Kebbi):
Jar ƙasa ake tankaɗewa, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, wato kwanon sarki ɗaya na siminti ga kamar goma sha biyu zuwa ashirin na ƙasa. Ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula za ta kama amma ba ta jiƙa hannu ba. A zuba a injin hannu a danne da ƙarfe. Inda mutane ke ɓata shi wurin shanya ne: ba a baza shi a rana kamar tubali. A jera a rufe da leda, ana yayyafa ruwa, ya yi kusan mako huɗu kafin a ɗora. In an yi daidai, gefensa kaifi, launinsa ja mai kyau, ko filasta ba ya bukata. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji.

Amma Malam, kafin komai gwada ƙasarka. Haƙa rami ka wuce ta sama, ɗebo ta ciki, zuba a kwalba mai haske zuwa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka mai laushi a sama. Ana son yashi ya fi yawa. In yumɓu ya rinjaya bulon zai tsattsage, sai an ƙara yashi.

Wani abu kuma kada a ruɗe ka. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi, ba ya hana shi. Abin da ya sha da rana da dare yake sakewa, shi ya sa ko a gidajen da, tsakar gida ake kwana da bazara. Kuma in ka ɗora kwano tsirara ba silin, ka yi aikin banza, don yawancin zafin daga sama yake saukowa. Dabarar Kere ke nan a Gando: ya ɗaga kwanon sama da rufin ɗakin, iska na ratsawa tsakani. Ka yi tagogi masu kallon juna, ka bar ƙananan kafofi can sama kusa da rufi.

Na-Anka (ma'aikacin lafiya):
Ku ba ni dama in sako wata magana daga Zamfara. A kula da inda ake ɗebo ƙasar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Da aka zo aikin tsaftacewa, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka fitar aka kawo sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka yi nata. Ƙasar da aka niƙa ko aka wanke dutse a kanta, in aka yi bulo ko yaɓe da ita, an gina gubar a cikin ɗaki ke nan, yaro na rarrafe yana shafa bango yana kai hannu baki. Kalgo ba ta da wannan matsalar a sanina, amma a cikinmu akwai 'yan wajen Yawuri da namu na Zamfara, inda ake haƙar zinari. Kada arhar tifa ta ja ku.

Maman Sadiya (Argungu):
Allah ya saka, Malam Na-Anka. Ni dai har yanzu ina nan kan bakata, kuma ku maza akwai abin da ba ku gani. Wa ke share ɗakin? Garin ƙasa da ke zubowa daga rufi kan gado da kwanuka, wa ke kakkaɓewa safe da yamma? In gara ta bi bango ta shiga bayan sif ta cinye atamfofi, na wa ta ci? Mace iyayenta sun yi mata kayan ɗaki da guminsu. Sannan ranar suna ko biki 'yan uwanta za su zo, ita za a kalla. Kada a ɗauki maganar matar Malam a matsayin son ƙawa.

Ummu Aiman (mai zanen gine-gine):
Wallahi Anti kin faɗi abin da ya kamata mu fara da shi. Gidan da matar gida ba ta so, ko an gina ba a gama ba. Amma abin da kike kwatantawa rufin azara ne da ya tsufa da daɓen ƙasa. Gidan bulon matsi ana sa masa tayil, a yi silin, a ja waya a cikin bango, a yi banɗaki da bulon siminti tun da wurin ruwa ne. Ledar da ke kan harsashi da tsayin harsashin suna sa a ga hanyar gara tun tana hawowa a kankare ta. Malam, kada ka yi ta yi mata bayani da baki. Nemi inda aka yi irinsa ka kai ta ta shiga da rana tsaka, ta taɓa bangon, ta tambayi matar gidan ba kai a wurin ba. In ta dawo ta ce a'a, a bi tata.

Ɗan Zuru:
Mu a ƙasar Zuru rumbunmu na ƙasa a kan duwatsu ake ɗora shi, a yi masa hular ciyawa mai faɗi, kuma ruwanmu ya fi na Kalgo yawa. Hatsi na shekara da shekaru a ciki. Abin da Injiniya ke faɗa na harsashi da rufi, tsofaffinmu a rumbu suke yin sa.

Ɗan Magini (Gwandu):
Baba ya ce in an yi girbi zai iya zuwa ya taka filin ya murza ƙasar a hannu, ba sai an biya shi ba, a dai ɗauko shi a mayar. Ya ce injin matsi bai san shi ba, amma ƙasa ya san ta, kuma yana so ya gani. Sharaɗinsa ɗaya: a samo samari biyu su tsaya tare da shi tun daga haƙa har rufi. Cikin waɗanda suka yi tashe tare a Gwandu, masu iya ɗaura bakan gizo saura ƙalilan, dukkansu sun manyanta, kuma mu 'ya'yansu boko da kasuwa sun ɗauke mu. Ko ni da nake rubuta wannan, kwaɓi da miƙa tubali kawai na iya.

Abba Kabu-kabu (Kalgo):
Ni ina so, kuma ina da aboki da ke aikin lebura. Amma a faɗa mana gaskiya tun yanzu, nawa ne a yini? In bai kai abin da nake samu a kan babur ba, gida ba za su bar ni ba. Kuma in mun koya, bayan gidan Malam wa zai sake kiran mu?

Injiniya (Birnin Kebbi):
Kuɗin yini daidai da na leburan bulo, ƙasa da haka zalunci ne, kuma a sa shi cikin lissafin ginin tun farko. Tambayarka ta biyu ba ni da alkawarin da zan yi maka. Akwai katangar wata gona da aka ba ni a hanyar Jega bayan damina, in mai ita ya amince da bulon matsi zan neme ku. Turo mini lambarka ta gefe.